Kwana 118 a kan roba: me ya hana Maurice da Maralyn mutuwa?

Da asubahin ranar 4 ga Maris, 1973, wani abu ya daki ƙasan wani ƙaramin jirgin ruwa da ƙarfin da ya girgiza shi gaba ɗaya. Maurice Bailey da matarsa Maralyn suka fito da gudu, sai ga wata ƙatuwar dabbar teku, wadda ake kira wel, tana dukan ruwa da wutsiya, ruwan gefenta ya yi ja da jini. Ta bar musu rami a ƙasan jirgi. Suka cusa tsummoki da barguna, suka yi ta famfo, ruwa bai daina shigowa ba. Cikin kamar awa guda jirgin da suka sayar da gidansu suka mallaka ya nutse a Tekun Pasifik, a kan hanyarsu daga Panama zuwa tsibiran Galafagos. Maralyn ta ɗaga kyamara ta ɗauki hotonsa yana tafiya ƙasa. Hoton yana nan har yau.

Ba a tsinto su ba sai ranar 30 ga Yuni. Littafin da suka rubuta da kansu, wanda ya fito a 1974, kwana 117 ya ɗauka a sunansa, domin haka jaridu suka fara yaɗawa. Amma wanda ya ƙirga da yatsa daga 4 ga Maris zuwa 30 ga Yuni zai sami 118. Labarin ya sake tashi a 2024, lokacin da wata 'yar jarida 'yar Ingila, Sophie Elmhirst, ta sake rubuta shi, kuma tun daga nan masu karatu da yawa suke ɗaukarsa a matsayin labarin soyayya. Ni dai da na gama karantawa ban ga soyayya a sahun gaba ba. Abin da na gani shi ne tattali, irin na matar da ta san yadda ake sa mudu ɗaya ya kai ƙarshen wata, sai kuma sa'ar wurin da jirgin ya nutse. Soyayyar tana nan, amma ba ita ke tace gishiri daga jini ba.

Su waye mutanen? Maurice ma'aikacin kamfanin ɗab'i ne, mutum mai kunya da ƙyamar taro, an haife shi a 1933. Maralyn ta yi aiki a ofishin haraji, an haife ta a 1941, kuma a kan ruwa ta cika shekara 32. Sun yi aure a 1963, suka zauna a yankin Derby, a tsakiyar Ingila, nesa da kowane teku. Ita ce ta kawo shawarar su sayar da gida su sayi jirgi mai tafiya da iska su ƙaura Niyu Zilan. Jirgin ƙafa 31 ne tsawonsa, suka haɗa sunayensu biyu suka raɗa masa Auralyn. Sun tashi daga Southampton a watan Yunin 1972, suka tsallake Tekun Atlantika, suka bi ta mashigin Panama a Fabrairun 1973. Abu biyu ya kamata mai karatu ya riƙe tun yanzu. Maralyn ba ta iya iyo ba. Kuma da gangan suka ƙi ɗaukar rediyon aika saƙo, saboda Maurice yana ganin wanda ya zaɓi shiga teku da ƙafarsa bai kamata ya sa wasu su yi kasadar ransu wajen nemansa ba. Ma'anar wannan ita ce, ranar da jirgin ya nutse babu mahaluƙin da ya san sun ɓata, balle a fita nemansu.

Abin da ya rage musu kwalekwale biyu ne na roba, irin waɗanda ake hura wa iska. Ɗaya mai rumfa ne, zagayayye, ƙanƙantarsa ta kai su biyu ba sa iya miƙe ƙafa su kwanta a lokaci guda. Ɗayan buɗaɗɗe ne, suka ɗaure shi da igiya a jikin na farkon. Sun kwashe gwangwanayen abinci, da jarkokin ruwa, da kamfas, da na'urar auna tsayin rana wadda matuƙa ke gane inda suke da ita, da 'yan harsasan haske na neman agaji. Kayan kamun kifi kuwa, a rikicewa, sun tafi da jirgi.

Da farko sun yi abin da kowa zai yi: sun yi ƙoƙarin tuƙa kansu zuwa Galafagos. Da dare suke tuƙi don gudun rana, kwalekwale ɗaya yana jan ɗaya. Bayan 'yan kwanaki Maurice ya auna, ya ga igiyar ruwa ta fi ƙarfin damtsensu, tana ta janye su daga tsibiran. Suka haƙura. Wannan haƙurin yana cikin abubuwan da suka cece su, domin kowace awa ta tuƙi gumi ce, gumi kuwa ruwa ne da ba su da hanyar mayarwa.

A nan ne kan maganar yake: ruwa. Mutum yana iya yin makonni ba abinci, amma kwanaki kaɗan yake yi ba ruwa, musamman a ƙarƙashin ranar tsakiyar duniya. Duk wanda ya yi azumi a watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi ya san yadda maƙogwaro ke zama da la'asar. To a ƙaddara ba magariba. Ga shi kuma kana zaune a kan ruwa iya ganinka, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Dalilin da ya sa ba a shan ruwan teku ba ɗaci ba ne kawai. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35. A jinin mutum kuwa wajen giram 9 ne a lita. Ƙoda ita ke fitar da gishirin da ya yi yawa ta hanyar fitsari, amma akwai iyakar kaurin gishirin da take iya zubawa a fitsari, kuma iyakar ba ta kai ta ruwan teku ba. Saboda haka in ka sha kofi ɗaya, sai jiki ya ciro fiye da kofi ɗaya daga ajiyarsa kafin ya wanke gishirin. Kana sha kana ƙara bushewa, daga nan sai ruɗewa, sai sambatu, sai mutuwa.

Ma'auratan sun yanka wa kansu wajen rabin lita kowane mutum a yini. Ruwan da suka kwaso ba zai kai su wata huɗu ba ko da cokali suke sha. Abin da ya cike giɓin ruwan sama ne, kuma a nan sa'ar wuri ta shigo. Akwai wani ɗamara da ya zagaye duniya kusa da tsakiyarta, inda iskar arewa da ta kudu ke haɗuwa, iska mai ɗumi ta tashi sama ta zama hadari. Wannan ɗamarar ita ce dai take hawowa arewa kowace shekara ta kawo mana damina a ƙasar Hausa, in ta koma kudu rani ya shigo. Igiyar ruwa ta kai su Bailey cikin yankin da wannan ɗamara ke shawagi a gabashin Pasifik, kuma watannin ƙarshe na ɓatansu sun faɗo daidai lokacin da ruwa ke sauka sosai a can. Rumfar kwalekwalen ta zama musu indararo: ruwa ya gangaro, su tara a bokiti, su ɗura a jarka. Ruwan yana ɗanɗanon roba, amma ruwa ne. Da a wani yanki na teku mai ƙarancin ruwan sama jirgin ya nutse, da duk dabararsu da duk ƙaunar junansu ba su kai su wata na biyu ba.

Sai dai ruwan saman da ya shayar da su shi ya kusa kashe su. A watan Yuni hadari ya yi ta zuwa ba ƙaƙƙautawa, suna zaune cikin ruwa dare da rana, suna kwarfewa. Gishiri da gogar roba suka ci fatar Maurice har ta zama gyambo, zama ma ya zame masa azaba. Buɗaɗɗen kwalekwalen ya kife da su fiye da sau ɗaya. A tuna cewa ɗaya daga cikinsu ba ta iya iyo.

Abinci kuma fa? Maralyn ta ɗauko fil mai makulli daga akwatin magani, irin wanda mata ke maƙale mayafi da shi, ta yanke, ta lanƙwasa shi ya zama ƙugiya. Da wannan suka yi ta kamun kifi har ƙarshe. Wani zai ce ina kifi zai tsaya a tsakiyar teku yana jiran fil? Amsar ita ce kwalekwalen da kansa ya zama gari. Duk abin da ya daɗe yana yawo a kan teku, gansakuka da ƙananan halittu suna manne masa a ƙasa, ƙananan kifaye su zo ci da fakewa a inuwarsa, manya su biyo ƙanana. Masuntan zamani sun san wannan sarai, har tarkace suke jefawa a teku da gangan don kifi ya taru a ƙarƙashi. Kunkurun teku ma sun yi ta zuwa suna gogar ƙasan robar. Da hannu suke kama su, su juyo da su cikin buɗaɗɗen kwalekwalen, wanda ya zama musu mahauta. Sun kama tsuntsayen teku da ke sauka a kansu ba tsoro, har da ƙananan kifayen shak, waɗanda Maralyn ke cafkowa ta wutsiya. Duk ɗanye suke ci. Idon kifi ma ba sa yarwa, saboda ɗan ruwan da ke cikinsa.

Akwai tarko a cin nama lokacin ƙishirwa wanda ba kowa ya sani ba. In jiki ya narkar da tsoka, yana barin dattin da sai da fitsari ake fitar da shi, wato nama yana cin ruwa. Shi ya sa masu koyar da dabarun tsira ke cewa in ruwanka ya yi ƙasa sosai, rage cin nama. Kunkuru ya fi kifi amfani a wannan hali, domin yana da kitse, yana da hanta, mace kuma takan zo da ƙwai. Duk da haka jiki ya yi ta cin kansa. Kowannensu ya zubar da kimanin kilo 18, kuma ranar da aka tsamo su ƙafafunsu ba sa iya ɗaukarsu.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na jiragen da suka wuce. Guda bakwai. Na farko ya zo bayan kamar mako guda, suka ɗauko harsasan haske, wasu suka ƙi tashi. Sun yi ta kaɗa riguna, sun ƙona tsummoki don hayaƙi, jirgi ya wuce abinsa. Mai karatu yakan ji haushi, ya ce rashin imani ne, sun gan su suka kau da kai. Lissafi bai goyi bayan wannan zargi ba. Mutumin da idonsa ke mita ɗaya a saman ruwa, iyakar shimfiɗar tekun da yake gani ba ta kai kilomita huɗu ba, saboda lanƙwasar duniya. Amma yana iya hango saman jirgin da tsayinsa ya kai mita 30 daga nisan fiye da kilomita 20. Wato shi yana ganin jirgi tun daga nesa ƙwarai, alhali shi kansa ɗigo ne da ke ɓuya a bayan kowace igiyar ruwa. Roba ba ta fitowa da kyau a rada, na'urar da jirage ke gano abin da ke nesa da ita. A kan babban jirgin dakon kaya kuma, a tsakiyar teku inda ba a sa ran komai, sau da yawa mutum ɗaya ne ko biyu ke gadi, kuma gabansu suke kallo. Ga wanda ke cikin kwalekwale, jirgin ya zo dab da shi. Ga wanda ke kan jirgi, babu komai a wurin sai ruwa. Tsarin taurarin ɗan'adam da ke karɓar kiran agaji daga 'yar na'urar da matuƙa ke ɗauka yau bai fara aiki ba sai 1982, shekara tara bayan wannan abu.

To, me ke hana mutum sakin rai bayan jirgi na biyar, na shida, na bakwai? A nan labarin ya juya yadda ban zata ba. Maurice shi ne gwanin. Shi ya san taswira, shi ya iya auna rana, shi ya san inda igiyar ruwa ta nufa da inda hanyoyin jirage suke. Kuma saninsa shi ya karya shi. Duk lokacin da ya auna, lissafi yana gaya masa gaskiya: suna nisantar ƙasa, suna fita daga hanyar jirage, roba tana ruɓewa. Ya ɗora wa kansa laifin komai. Ya kai ga tunanin hanyar da za su gama da kansu cikin sauƙi. Shi da kansa ya yi ta faɗa daga baya, har ƙarshen rayuwarsa, cewa da shi kaɗai ne da bai kai ba.

Maralyn ba ta yi gardama da lissafin ba, ta dai ƙi barin shi ya zama abin da ake tashi da shi ake kwana da shi. Ta yanka takardu ta yi musu karta da domino. Tana rubuta abin da ya faru kowace rana, tana ƙirga kwanaki. Ta tsara lokacin ci, lokacin gadi, lokacin hura robar da ke sacewa, domin dukkan kwalekwalen biyu sun huje, sai an yi ta ba su iska. Sannan ta jawo mijinta cikin wani aiki da in ka ji shi za ka ce zautuwa ce: zanen jirgin da za su saya in sun koma. Ina za a sa murhu, ina gado, wane irin abinci za a loda, gwangwani nawa. Ta rubuta jerin girke-girken walimar da za ta yi wa baƙi, mace da ke tsotsar idon kifi. Ban ɗauki wannan a matsayin yaudarar kai ba. Mutumin da ake gardama da shi a kan inda za a sa kabad a jirgin da ba a ƙera ba, an riga an sa shi ya amince, ko bai furta ba, cewa akwai gobe. Kuma mai gobe shi ke tashi ya kwarfe ruwa da ƙarfe uku na dare.

Kada a ɗauka zaman lafiya lau suka yi. Zo mu zauna, zo mu saɓa, balle zama a wurin da ko juya baya ba ka iya yi wa ɗan'uwanka. Sun yi faɗa, sun faɗa wa juna maganganu masu zafi, sun nemi gafarar juna. Abin da zaman biyu ya ba su wanda mutum ɗaya ba shi da shi a fili yake: ɗaya na barci ɗaya na gadi, ɗaya na riƙe kunkuru ɗaya na yanka, kuma ba safai karaya ke kama su a rana ɗaya ba. Ga kuma kunya. Da wuya ka sha fiye da rabonka alhali mai rabon tana kallonka, gwiwarta na gogar taka.

Akwai abin da ya kamata mai karanta irin wannan labari ya riƙa tunawa: waɗanda suka tsira ne kaɗai ke rubuta littafi. Shekara guda kafin su Bailey, a 1972, kusa da wannan yanki na Galafagos, wasu dabbobin teku sun nutsar da jirgin iyalan Dougal Robertson, su shida suka yi kwana 38 kafin jirgin masuntan Japan ya tsince su. Su ma da ruwan sama da kunkuru suka rayu. Poon Lim, wani ɗan Sin da ke aiki a jirgin Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi kwana 133 shi kaɗai a kan katako a Atlantika. Steven Callahan, wani Ba'amurke, ya yi kwana 76 a 1982, shi ma shi kaɗai. Biyun nan sun isa su nuna cewa ba dole sai da abokin zama ake tsira ba. Waɗanda kuma suka yi duk abin da ya kamata, suka yi tattali, suka ƙaunaci juna, amma hadari bai taso ba ko robar ta fashe a mako na uku, ba mu da labarinsu, domin ba wanda ya dawo ya bayar. Ko a zamaninmu, 'yan Afirka nawa ne suka hau irin wannan roba daga gaɓar Libiya ba a sake jin ɗuriyarsu ba? Su Bailey aƙalla su suka zaɓi teku, da jirginsu, da kuɗin gidansu. Wannan bambancin ya sa nake jin nauyin kiran labarinsu darasi ga kowa.

Jirgi na takwas na masuntan Koriya ta Kudu ne, sunansa Weolmi 306, yana kan hanyar komawa gida bayan doguwar tafiyar kamun kifi. Maralyn ce ta fara jin ƙarar inji. Ta miƙe tana kaɗa rigar ruwanta. Jirgin ya wuce, kamar sauran, Maurice ya ce mata ta bari ta adana ƙarfinta. Ba ta bari ba. Can sai jirgin ya karya kwana ya dawo. A lokacin igiyar ruwa ta yi tafiyar kimanin kilomita 2,400 da su daga inda Auralyn ya nutse. Masuntan suka ɗauke su kamar jarirai, suka yi ta jinyarsu da ɗan abinci kaɗan-kaɗan, domin cikin da ya daɗe da yunwa in aka cika shi lokaci guda yana iya kashe mai shi. Bayan kamar mako biyu suka sauke su a Honolulu, babban birnin tsibiran Hawai, inda 'yan jarida ke jira.

Abin da suka yi da kuɗin littafi da na jaridu shi ne suka ƙera jirgin nan da suka zana a kan roba. Suka sa masa suna Auralyn II, suka koma teku da shi, har gaɓar Patagoniya a ƙarshen kudancin Amurka ta Kudu. Nama kuwa suka daina ci gaba ɗaya, bayan kunkurun da suka yanka da hannunsu. Ciwon daji ya ɗauke Maralyn a 2002, tana da shekara 61. Maurice ya zauna shi kaɗai a kudancin Ingila shekaru masu yawa bayanta, har ya rasu.